Ƙulli Mai Ƙaya: Shekara Goma Sha Ɗaya Da Rasuwar Yaya Haruna

A daminar nan yayana Haruna, wanda mutanen ƙauyenmu suke kira Mai Sassaƙe, ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Duk shekara abin da nake yi bai wuce in je maƙabarta in yi masa addu'a, in dawo gida in ja bakina in yi shiru ba. Bana kam shirun ya ƙi yiwuwa. Maganar auren 'yarsa Rabi, wadda ni ne waliyyinta, ta zo ta sarƙe da sunan ubanta, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba ta warware ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kunci da Makoda, inda gona take manne da gona. Idan ka yi tari a taka, maƙwabcinka zai ce maka sannu daga tasa. Ba mu da jejin da mai magani zai shiga ya saro abin da yake so. Itatuwan da suka rage duk a cikin gonakin mutane suke, kuma kowace bishiya da mai ita. Maɗacin nan na gidan wane ne, marken can na magadan wane ne, sabarar da ke kan iyaka ma sai ka yi sallama kafin ka tsinka. Saboda haka mai magani a wurinmu da mutuncinsa yake aiki. Ranar da mutane suka daina yarda da shi, ranar ya rasa itatuwa.

Yaya kuwa babu gonar da aka taɓa hana shi shiga. Ba ya zagaye bishiya da sara, gefe ɗaya yake ɗauka, ya kwaɓa laka ya shafe wurin kafin ya tafi. Mutum ne marar yawan magana, mai taurin kai na fitar hankali. Ni ƙaninsa ne da aka kai boko, na ƙare a malamin Turanci a firamare, shi kuma ya gaji mahaifinmu a sana'a. Yana tsokanata da cewa ni na san sunan komai amma ban san amfanin komai ba, ni kuma in ce masa shi ya san amfanin komai amma ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Haka muka tashi.

Akwai wata al'ada da ya gada wurin mahaifinmu. A tsumma yake ƙulla garin magani. Idan na sha ne, ƙulli ne kawai. Idan kuwa wanda ba a kai wa baki ne, na shafawa ko na hayaƙi, sai ya soke ƙullin da ƙayar aduwa. Duk wanda aka haifa a garinmu ya san wannan. Ba a koya wa kowa, da shi ake tashi, kamar yadda ba a koya wa yaro cewa wuta tana ƙuna. To a nan matsalar take, don abin da kowa ya sani babu mai tunanin ya faɗa.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa, wani maƙwabcinmu mai suna Garba ya zo masa da sassafe. Garba ya auro wata yarinya, Hajara, daga can gaba da Makoda, kuma ɗansu na fari, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya kwana yana gudawa da zazzaɓi. Ranar kuwa ranar shuka ce. An yi ruwan da aka daɗe ana jira, kowa ya saɓa sungumi yana sauri kada ƙasa ta sha iska. Yaya ya ba shi ƙulli biyu, garin ganyen sabara na sha, da garin saiwar sanya wanda za a shafa wa yaron a jiki. Sanya a wurinmu uwar magunguna ake ce mata, amma saiwarta idan ta shiga cikin ƙaramin yaro guba ce. Ya soke ƙullinta da ƙaya kamar kullum. Ya ce da Garba idan rana ta take tsaka yaron bai ji sauƙi ba, a ɗauke shi zuwa asibiti. Garba ya koma gida, ya miƙa ƙullin biyu ta bakin ƙofa, ya ce ga magani in ji Mai Sassaƙe, ya wuce gona.

Kafin azahar aka aiko a guje aka kira Yaya daga gona, yaro yana ta miƙewa. Ya shiga ɗakin, ya ce maza a nemo babur. A kan hanyar asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta Yaya ya ja ni bayan rumbu, ya zura hannu a aljihu ya fito da abu uku: ƙullin sabara ko kwance shi ba a yi ba, da tsumman sanya babu komai a ciki, da ƙayar. A ƙasa ya tsince su kusa da tabarma, lokacin da hankalin kowa yake kan yaron. Ya ce, “Hajara ba 'yar garin nan ba ce. Ba ta san ƙaya ba. Cire ta ta yi ta dama masa.”

Na ce to ai sai mu je mu faɗa tun kafin magana ta yi nisa, don tun a maƙabarta na fara jin ƙus-ƙus. Ya dube ni irin kallon da yake mini tun muna yara idan na yi wauta. Ya ce, “Ka je ka gaya wa yarinyar can cewa da hannunta ta yi? Ni na san baƙuwa ce, kuma ƙafata ba ta karye ba, da na taka na je na yi mata bayani. Idan maganar nan ta fito daga bakinka, babu ni babu kai.” Bai sake ni ba sai da na yi masa alkawari.

Da aka taru a ƙofar dagaci, an turo wani jami'in lafiya, matashi, wanda shi ya karɓi gawar yaron a asibiti. Ban taɓa ganin laifinsa ba, don abin da ya gani ya isa ya ɓata ran kowa. Ya tambayi Yaya me yaron ya sha. Yaya ya ce, “Maganina ya sha.” Ya tambaye shi ko akwai wani bayani. Ya ce babu. Garba yana gefe yana ta ɗaga murya, ya fi kowa zafi, ana riƙe shi. Jami'in ya juya wurin abokin aikinsa ya yi magana da Turanci, a ciki ya jefa kalma ɗaya, kwak, yana nuna Yaya da biro. Samarin da ke tsaye suka cafe ta tun kafin ta faɗi ƙasa.

A kan hanyarmu ta komawa gida, muna bin 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonaki, shi a gaba ni a baya, sai ya ce ba tare da ya waiwayo ba, “Kai da ka yi boko, mene ne kwak?”

Na so in yi masa kwana-kwana, amma Yaya ba a yi masa haka. Na ce kalma ce da Turawa suke kiran wanda bai san magani ba, amma yake yaudarar marasa lafiya yana cewa ya sani. Ya yi tafiya kaɗan, sannan ya ce, “Ba su da wata ta wanda ya sani, amma ya yi sakaci?” Na ce suna da ita. Ya ce, “To da ita ya kamata ya kira ni.”

Na shekara talatin ina koya wa yara ma'anar kalmomi, amma ban taɓa ganin kalma ta yi aiki irin wannan ba. Mutanen da ba su san ko harafi ɗaya na Turanci ba suka riƙe ta gam. Mai Sassaƙe ya ɓace, sai Kwak. Yara suna bin Rabi da ita a hanyar makaranta, lokacin ba ta wuce shekara tara ba. Sannan itatuwa suka fara rufewa. Babu wanda ya fito fili ya kore shi, mu ba ma yin haka. Sai dai ya je ya yi sallama a ce masa, ai bana muna so maɗacin ya huta. Ya je gaba a ce mai gonar ba ya nan. Da ya ga haka sai ya rataye gatarinsa, ya koma noman gyaɗa. Bai taɓa kawo mini ƙara ba. Ni ne dai nake zuwa in yi ta masifa ina cewa ya sake ni daga alkawarin nan, shi kuma yana ɓarar gyaɗarsa kamar da bango nake. A haka ciwon ƙirji ya kama shi, ya tafi da sunan da aka liƙa masa.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga kasuwar Kunci a yau. Mota ce za ta tsaya da lasifika, kwalba ɗaya tana maganin basir da hawan jini da ciwon sukari da rashin haihuwa, an manna mata takarda mai rubutun Turanci, mutane suna layi. Babu mai tambayar daga wace bishiya aka samo, babu mai sanin gidan mai maganin balle a je a kama shi idan ta ɓaci. Ina jin da tsaki kawai zai ja ya wuce. Abin da na tabbata zai tsayar da shi shi ne Rabi. Ta yi karatun aikin lafiya a Kano, yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Ta ce mini sabara da sanya duk suna cikin littattafansu da wasu dogayen sunaye, wasu abubuwan da ubanta yake faɗa an tabbatar, wasu kuma an ce ba haka ba ne. Da yana nan da an sha musu a tsakar gida, don ita ma ba ta san ta ba da kai ba.

Bara wani yaro malamin makaranta, Aminu, mazaunin Rijiyar Zaki a birnin Kano, ya fito neman aurenta. Suna son juna, wannan ko makaho ya gani. Mu muka yi namu binciken, muka sami gidan mutunci. Su ma suka yi nasu kamar yadda kowa yake yi. Suka turo mutum ya zo ya zauna wurin mai shayi, ya yi sallah a masallacinmu, ya tambayi asalin yarinya. Ba a ce masa komai a kan Rabi ba sai alheri. Amma a kan ubanta, abu ɗaya ya koma da shi.

Farkon damina baffan yaron, Alhaji Sabo, ya zo da kansa. Dattijo ne mai kamala, bai zo da wulaƙanci ba. Bayan an gaisa an sha ruwa ya ce, “Malam, ba za mu ɓoye maka ba. An ce mana mahaifin yarinyar nan likitan bogi ne, har ya kashe ɗan mutane. Ita kuma aikinta ba da magani. Kai ne ɗan'uwansa, gaya mini tsakaninka da Allah, maganinsa ne ya kashe yaron?”

Gaskiyar tana kan harshena, alkawarin yana wuyana. Na ce, “Alhaji, ban taɓa sanin yayana da yaudara ba. Amma maganinsa yaron ya sha.” Ya jinjina kai, ya ce to a ɗan dakata tukuna, za su yi shawara. Kowa ya san abin da a dakata take nufi a maganar aure.

Rabi ba ta yi kuka a gabana ba. Tana zuwa aikinta tana dawowa, sai dai abinci ya daina shiga, wuyanta ya fito. Wata rana da yamma ina alwala ta zo ta tsuguna kusa da ni ta ce, “Baffa, ni ba auren ne ya dame ni ba yanzu. Da gaske Baba ya kashe yaron nan?” Na ce ta je, za mu yi magana. Washegari na tafi maƙabarta, kuma Allah Ya yafe mini, ba addu'a kaɗai na yi ba. Na tsaya a kan kabarinsa na ce, Yaya, ka rufa wa 'yar wani asiri, ga taka nan tana biya. Ka kyauta ke nan?

Ana cikin haka, wata safiya da hantsi, matata ta leƙo ta ce ina da baƙuwa. Hajara ce, matar Garba, da goyo a bayanta. Rabon da ta tako gidanmu tun kafin rasuwar ɗanta. Ta zauna a bakin tabarma, ta gaishe ni, ta daɗe tana murza gefen mayafinta. Sannan ta ce ta ji a bakin mata cewa an dakatar da maganar Rabi, kuma ta ji dalili.

Ta ce, “Malam, ni na san ƙaya.”

Ashe shekara biyu bayan abin, ta shiga gidan wata maƙwabciya ta ga tsohon ƙulli a rataye da ƙaya a jiki. Ta kai hannu, matar ta ce, ke, kar ki kai shi baki, ba ki ga ƙaya ba? A nan tsaye ta gane komai. Ta ce ta bi Yaya har gonar gyaɗarsa tana kuka, ta fara magana, ya katse ta. Ya ce, “Ban ji ba. Tashi ki tafi gida kafin a gan ki a nan.” Tun daga ranar take ɗauke da abin ita kaɗai.

Na tambaye ta ko Garba ya sani. Ta yi wani murmushi da ba na so in sake gani. Ta ce, “Tun ranar ya sani. Ai shi ya karɓo, ya ga ƙayar da idonsa. Ba mu dai taɓa yin maganar ba.” Kun ji fa! Ni ina nan ina cizon harshe don kada ta sani, ita tana can ta sani, mijinta ya sani, kowa yana gadin abin da ɗan'uwansa ya riga ya riƙe. Raina ya ɓaci har na rasa da wa zan yi faɗa.

Ta ce so take in kai ta Rijiyar Zaki ta faɗa da bakinta. Na ce ta san abin da zai biyo baya kuwa? Garin nan ba a mantuwa. Ta ce ta gaya wa Garba kafin ta fito, ya ce idan ta je, to ta zarce gidansu. Ta gyara goyonta ta ce, “Malam, na ci amanar mutumin nan yana raye don tsoro. Ba zan ci ta 'yarsa ba. Tashi mu tafi.”

Muka hau bas. Muka nufi Kano. A falon Alhaji Sabo, gaban shi da uwargidansa, ta faɗi komai daga miƙo ƙulli ta bakin ƙofa har zuwa cire ƙaya. Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta salati. Da ta gama ya juyo ya ce mini, “Malam, ku yafe mana. Da kaka in Allah Ya kai mu za mu zo a sa rana.” A kan hanyar dawowa, da muka iso mararrabar Makoda, Hajara ta ce da direba akwai sauka. Ta ce in rubuta labarin idan ina so, ita ta gama ɓoyo. Na bi ta da kallo tana tafiya gidan ubanta da goyo, manyan 'ya'yanta uku suna can wurin Garba.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari. Sai ga mutane suna tare ni a ƙofar masallaci, wai dama su sun san Haruna ba zai yi haka ba. Dama kun sani? To ina kuke lokacin da maɗacinku yake hutawa? Na wuce abina, don na tsufa da rigima. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin da ya sauka daga kan Yaya bai tafi ko'ina ba, kan Hajara ya koma. Har na ji wata tana cewa wace irin uwa ce ba ta san abin da take ba ɗanta ba. Abin da Yaya ya yi ta gudu ke nan, ga shi ya faru yana kwance a kabari.

Duk da haka na shiga gida da murnata na kira Rabi, na ba ta labari tun daga farko. Ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, na bar ta ta yi mai isarta. Da ta share fuska na ce to sai shiri, da kaka za su zo. Sai ta ce, “Baffa, ka aika musu su dakata. Ba za a sa mini rana ba sai Hajara ta koma ɗakinta.”

Na ce ke, kina da hankali kuwa? Da ƙyar aka samo kan mutanen nan, yanzu mu za mu ce musu a dakata? Na yi faɗa, uwarta ta yi, Aminu ya kira ta a waya ya yi magiya. Ta ce ita ba za ta shiga ɗaki ta ƙofar da wata ta fita saboda ita ba. Na je wurin Garba a gona, na sake komawa da liman. Yana sauraronmu kansa a ƙasa, fartanya a hannu, ya ce zai yi tunani. Na san abin da yake damunsa, dawo da ita yana nufin ya amsa nasa kason a gaban gari, shi da ya fi kowa ɗaga murya a ƙofar dagaci. Ga gero ya fara fitar da kai, kuma ban san iyakar haƙurin Alhaji Sabo ba.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Babu wanda ya gaji sana'ar, sanin itatuwan ya tafi da shi. Sunansa ya wanku, amma a lokacin da ba zai ji ba, kuma da tsadar da shi bai yarda a biya ba. Har gobe ban iya cewa daidai ya yi ko kuskure, don shirunsa ya tsare mace ɗaya shekaru, ya kuma cinye ƙuruciyar 'yarsa. Abin da na tabbata bai mutu ba shi ne halin nan na ɗaukar kayan wani a ɗora wa kai, a ƙi saukewa ko ana roƙo. Yana nan a ɗakin da ke kallon nawa, yana sa farar riga kullum da safe ya tafi asibiti.

Allah Ya yi maka rahama, Yaya, Ya haskaka makwancinka. Ka tafi ka bar mini irinka a cikin gida, kuma ita ma na kasa tanƙwara ta.